Ta Ce Yaron Ya Taɓu

Ofishina ɗakin ajiya ne aka share aka ba ni. Har yau in an yi ruwa warin takin zamani yana tasowa daga simintin, don buhunan taki sun riga ni zama a ciki. Kujera biyu ce, da tebur, da fanka mai juyawa in ta ga dama, sai allo a ƙofa da aka rubuta Sashen Ba Da Shawara. Ɗalibai kam ba haka suke kiransa ba. Garejin Madam Alice suke cewa, wai nan ake ɗaure wa mutum notin kansa in ya kwance. Ni ce Madam Alice ɗin, kuma ni ce sashen gaba ɗaya, ni ce shugaba, ni ce mai shara. In manya suka yi baƙi sai a kawo su su leƙa, a ce ga inda muke kula da lafiyar ƙwaƙwalwar yaranmu, a ɗauki hoto, a wuce wurin cin abinci. Na sha rubuta takardar neman mataimaki, har na gaji na daina.

Haggai ba shi ya kawo kansa ba. Oluchi ce ta kawo shi, matar nan 'yar Ibo mai shagon kwafin takardu a bakin ƙofar jami'a. Ta fi ni sanin damuwar ɗalibai, don duk takardunsu ta hannunta suke bi. Ta turo ƙofa riƙe da hannun rigar wani dogon saurayi mai faɗin kafaɗa, irin waɗanda da ganinsu ka san sun sha noma.

"Sista Alice, ga wannan yaro," in ji ta. "Ya kawo hoto in ƙara masa girma. Na gama tun ƙarfe tara. Har yanzu yana tsaye yana kallon hoto, ba magana, ba tafiya. Ni ba na so ya faɗi a shagona."

Ta zaunar da shi ta koma shago. Hoton yana hannunsa, wani soja ne cikin kaki yana murmushi, kamarsu ɗaya sak. Na tambayi sunansa ya faɗa, na tambayi garinsu ya ce Manga, nan ƙasar Zuru, na tambayi aji ya ce uku, sashen kiwon dabbobi. Na ce, "To yaya kake, Haggai?"

"Lafiya lau, Madam."

Mako uku yana ba ni wannan amsar. Duk Talata yana zuwa, don na ce ya zo, kuma shi ba a koya masa ƙin umarni ba. Ya zauna a miƙe, tafin hannu a kan gwiwa, idanu sun faɗa, wuyan riga ya yi masa yawa, amma lafiya lau. Barci fa? Lafiya lau. Karatu? Lafiya lau. Mutanen gida? Suna gaishe ki.

Ba wanda zai koya mini wannan lafiya lau ɗin. Ni ma 'yar Zuru ce, asalinmu Rikoto, ubana soja ne, a barikin Kaduna aka haife ni. Da Hausar bariki da Turanci na tashi. C'lela kuwa, yaren iyayena, gaisuwa kawai na iya, ita ma in na yi tsofaffi dariya suke. Amma halin gida na san shi ciki da bai. Mu mutane ne da ake yabo da jimiri, kusan kowane gida da sojansa, kuma mun ɗauki yabon nan mun rataya wa 'ya'yanmu a wuya. Ubana har ya mutu ban taɓa jin ya ce kansa na ciwo ba. A gadon asibiti ma, da likita ya tambaye shi, lafiya lau ya ce.

A Talata ta huɗu haushi ya kama ni. An koya mana haƙuri da shirun mutum a makaranta, amma ni Allah bai ba ni haƙurin da yawa ba. Na rufe fayil na ce, "Haggai, in lafiya lau kake, tashi ka ba ni wuri. Shara zan yi."

Bai tashi ba. Ya daɗe yana kallon tsintsiyar da ke jingine a kusurwa, sannan ya ce a hankali, "Ba lafiya, Madam."

Daga nan magana ta ɓalle. Sojan hoton wansa ne, Abel. Wata goma da suka wuce aka kashe shi a bakin aiki can arewa maso gabas, a can aka binne shi, jakarsa kawai aka kawo gida. Ranar da jakar ta iso, ubansu Baba Ishaya, shi ma tsohon soja, ya tsaya a tsakar gida ya ce ba mai kuka a gidan nan, soja ya mutu a kan aikinsa. Mata suka lallaɓa bayan rumbu suka yi nasu kukan. Haggai namiji ne, ba zai bi su can ba. Ya haɗiye, washegari ya hau kabu-kabu ya dawo makaranta don yana da gwaji.

"Tun ranar ban yi barcin kirki ba," in ji shi. "Layi ɗaya sai in karanta sau goma bai shiga ba. A ɗakin jarrabawa ina rubuta sunana da lambata, sai in zauna har a ce a tashi. Abel ne ya sa na yi karatu. Shi ya ce soja ɗaya ya ishi gidanmu yanzu."

Zango biyu ya faɗi a jere. Na je wurin shugaban sashensu, mutum mai kirki amma mai tsoron doka, ya buɗe mini littafi ya nuna da yatsa: in yaro ya faɗi na uku, kora ce. Jarrabawa kuma saura mako biyar.

A makonnin da suka biyo baya ya ɗan fara dawowa. Ya fara cin abinci sau biyu, ya ce wani lokacin yana samun barcin awa huɗu. Wata rana har dariya ya yi, da fankata ta tsaya na zage ta. Na ji daɗi sosai, don a aikin nan nawa ba kasafai ake ganin irin wannan ba. Amma ni da likitan asibitin makaranta duk mun san ba zai iya jarrabawar nan ba. Hanya ɗaya ce ta rage, a jinkirta masa karatu shekara guda bisa dalilin rashin lafiya, a ajiye masa gurbinsa ya dawo baɗi. Likita ya rubuta takarda ya buga hatimi, ni na cika fom. Sai ga wani layi a can ƙasa: sa hannun uba ko waliyyi. Ku ji mini fa. Ƙato mai shekara ashirin da huɗu, wanda ya isa ya zaɓi shugaban ƙasa, wai bai isa ya ce ba shi da lafiya ba sai ubansa ya yarda. Na je ofishin magatakarda na zazzage musu masifa. Suka ba ni kujera da ruwan leda, suka ce tsari ne.

Da na nuna wa Haggai layin, sai ya ja kujerarsa baya.

"Madam, kin san golmo?"

Na ce na sani mana, ina 'yar Zuru. Noma ne da saurayi yake yi wa uban yarinyar da zai aura, shi da abokansa, damina bakwai kafin a ba shi ita. 'Yan boko da yawa sun daina, amma a gidansu Haggai ba a daina ba. Ya yi damina biyar a gonar uban wata yarinya Glory, wannan ce ta shida. Duk Asabar tun da ruwa ya sauka yana can, kuma duk halin da yake ciki bai taɓa fashi ba.

"Ba dawar suke so ba, Madam," in ji shi. "Dawa suna da ita. So suke su ga ko mutum yana da jimiri. In aka ji a Manga likita ya rubuta mini takardar ƙwaƙwalwa, shi ke nan, ni da Glory mun gama."

Na ce masa in aka kore shi ma ai za a ji. Shi ma ya san gaskiya ce. Sau biyu yana tafiya gida da fom ɗin, sau biyu yana dawo mini da shi a ninke gida huɗu, bai ko fito da shi daga aljihu ba. Litinin ce ranar ƙarshe ta karɓa. Ranar Juma'a ya ajiye shi a teburina ya ce, "Ki je ke. Baba yana girmama masu aikin takarda. Amma ki same shi shi kaɗai, kuma don Allah kar ki ce ƙwaƙwalwa."

Na yi masa alkawarin duka biyun.

Ranar Asabar na hau kabu-kabu. Duk tsawon hanya kalma nake nema. In na ce damuwa, tsohon zai ce waye ba shi da ita. In na ce baƙin ciki, zai ce shi ya haifi Abel kuma ga shi a tsaye. In na ce ciwon zuciya, zai ɗauka hawan jini ne, ya ce a ba yaro ƙwaya ya je ya rubuta jarrabawarsa. Abin da ya rage shi ne taɓin hankali, wanda a kunnen mutanenmu yake nufin yawo tsirara a kasuwa. Yawancin yaran da ke zuwa wurina sun wuce damuwa, ba su kuma haukace ba, amma ba mu da sunan da muke kiran inda suke. Har muka shiga Manga ban samu kalmar ba.

A gidansu wata tsohuwa ta ce Baba yana gonar surukinsa, ya je ganin golmo. Nan ne ya kamata in nemi kujera in jira shi. Ba sai an gaya mini ba, na gaya wa kaina sau ba adadi. Amma hadari ya haɗo ta gabas, mai kabu-kabu yana ta mita wai shi ba ya kai la'asar a hanyar nan yanzu, ni kuma Litinin kawai nake gani a gabana. Na ce ya kai ni gonar.

Samari ne kusan goma sha biyu a jere, kowa da kunyarsa, garemani suna tashi tare suna sauka tare, ana waƙa da C'lela. Haggai yana tsakiya, ba riga. Ya hango ni, garmarsa ta ɗan tsaya a sama, sai ya ci gaba. A gindin ɗorawa dattawa uku suna zaune a kan benci. Baba Ishaya gajere ne, a miƙe yake zaune kamar ɗansa. Kusa da shi ƙaninsa ne Aaron, shi ma ya yi soja. Na ukun uban Glory ne, tsohon malamin firamare mai tabarau. Glory tana gefe da wata mata suna tsaron kwanukan abincin manoma.

Na durƙusa na gaishe su da ɗan C'lelata, suka yi dariyar da na saba, muka koma Hausa. Suka tambayi ɗiyar wa ce, na faɗi sunan ubana da bataliyarsa. Aaron ya sunkuya ya maimaita wa wansa a kunne, ban ma kula ba. Fuskar Baba Ishaya ta saki, ya ce ɗiyar soja ɗiyarsa ce. Na roƙi ya ba ni minti biyu a gefe, saƙo ne daga makaranta. Ya tashi muka yi taku kamar goma. Ina juyawa sai ga Aaron a bayanmu.

"Ni ne kunnenshi," in ji shi. "Igwa ta cinye nashi tun a Laberiya."

Haggai bai gaya mini ubansa ba ya ji sosai ba. Wataƙila a wurinsa wannan ba labari ba ne. Nan ma da na tsaya. Lahadi tana nan, da na dawo bayan coci na same shi a ɗakinsa. Amma takarda tana hannuna, mutumin yana gabana, sai na ce bari in yi a hankali.

Na rage murya na ce makaranta tana so Haggai ya huta shekara guda, za a ajiye masa gurbinsa, hannu kawai Baba zai sa. Aaron ya ɗaga murya ya isar, har uban Glory ya waiwayo daga benci.

"Hutu?" in ji Baba Ishaya. "Mi ya yi da zai huta? Ga shi can yana noma."

"Ba shi da lafiya, Baba," na ce, Aaron yana ci gaba da isarwa.

"Wane ciwo?"

"Ba irin na jiki ba ne, Baba."

"Ɗiyata, kowane ciwo da sunanshi. Ni soja ne, ki yi mani magana a miƙe."

Na duba duk kalmomin da na jera a hanya, ba wadda ta yi. Sai na ɗauki mafi taushi da nake da ita, wadda ba ƙwaƙwalwa a cikinta, na matsa kusa na ce, "Baba, mutuwar wansa ce ta taɓa shi. Ta taɓa shi sosai."

"Mi?"

Aaron ya yi abin da aka koya masa a soja, in an ba ka dogon saƙo ka gajarta shi ka isar da ƙarfi. Ya kewaye kunnen wansa da tafin hannu ya ce da muryar fareti, "Ta ce yaron ya taɓu!"

Ba da mugunta ya yi ba, wannan kam na tabbata. Shi a ganinsa ni ce nake kewaye-kewaye irin na 'yan boko, ga malama daga makaranta, ga takardar likita, an ce abu ya taɓa yaro sosai, to me ya rage? Shi dai taimakona ya yi ya faɗa a miƙe. Kuma ba babba ba yaro a gonar nan da bai san abin da ake nufi ba in an ce mutum ya taɓu.

Waƙa ta mutu. Garemani suka tsaya ɗaya bayan ɗaya.

"Ba haka na ce ba," na ce. Na faɗa da Hausa, na faɗa da Turanci, na ɗaga murya na sake faɗa. Ba mai saurarona. Dattawan sun koma C'lela, suna magana da sauri, ni kuma ba abin da nake tsinta sai sunan Haggai da sunan Abel. Ina tsaye a ƙasar iyayena ana yanke wa yaro hukunci da yarenmu, ban iya cewa komai da za a ji ba. Ranar na ji haushin ubana a kabarinsa don bai koya mini ba.

Baba Ishaya ya zare takardun daga hannuna. Idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu, sai ya kai wa mai karatun da ke kusa, wato uban Glory. Na bi shi ina "Baba, Baba," amma ina zan fizge takarda daga hannun dattawa? Malamin ya gyara tabarau, ya bi layi da yatsa. Na ga lokacin da yatsan ya tsaya a takardar likita, a kan kalmar da na yi alkawarin ba zan faɗa ba. Ya duba hatimin, ya cire tabarau ya sa a aljihu, ya ce wani abu gajere.

Sai Baba Ishaya ya juyo gare ni. "Kawo biro, ɗiyata."

A kan kujerar kabu-kabu ya sa hannu, cikakken suna, har da lambarsa ta soja a ƙasa don sabo. "Da kin faɗa tun farko," in ji shi. "Ni na ga yana yawan shiru, na ɗauka girma ne ya zo mashi."

Uban Glory ya ɗaga hannu ya ce aikin yau ya isa, ruwa na zuwa. Samari suka saɓa garemani suka fito a hankali, ba mai kallon wani. Glory ta rufe kwanukan da ba a ko buɗe ba, ta ɗora a ka. Haggai kaɗai ya rage. Ya ƙarasa kunyarsa har ƙarshen gona, ya juyo ya kama wata. Yayyafi ya fara sauka a bayansa. Na kira sunansa sau ɗaya bai ɗago ba. Na sa fom ɗin a leda don kar ya jiƙe, na hau bayan kabu-kabu muka tafi.

Ranar Litinin ƙarfe takwas na miƙa takardu. Cikin mako biyu aka amince, har shugaban sashensu ya kira ni ya yaba mini. Tun da na fara aiki ban taɓa ganin takardar da ta yi sauri irin wannan ba.

Talata ta zo Haggai bai zo ba, haka ta gaba. Wayarsa a kashe. Na koma Manga sau ɗaya, tsohuwar nan ta ce an kai shi gidan addu'a, inda ake kai masu taɓin hankali a yi musu roƙo, ba ta kuma ba ni kujera ba. Sauran labarin a shagon Oluchi na riƙa tsinta, a bakin ɗaliban yankinsu. Mako uku ya yi a gidan addu'ar. Uban Glory bai ce ya fasa ba, cewa ya yi a dakata sai yaro ya warke, amma kafin Kirsimeti an tura Glory wurin gwaggonta a Kwantagora, kuma ba a sake kiran kowa golmo a gonar ba. Damina shida ta tafi a banza.

Ni ma na samu rabona. Ɗalibai uku da nake gani a lokacin duk suka ɗauke ƙafa. Oluchi ce ta gaya mini abin da ake faɗa, ba ta ɓoye ba. "Sun ce in ka shiga gareji, Madam za ta bi ka har ƙauye ta gaya wa mutane kai mahaukaci ne." Na buɗe baki zan yi masifa, sai na rasa wanda zan yi wa, don ba ƙarya suka yi sosai ba.

Da shekara ta zagayo aka buɗe rajista. Sunansa yana cikin jerin masu dawowa, na je na gani da idona a allon sanarwa. Mako biyu ake ba su, in bai yi rajista ba gurbin ya tafi. Mako na farko ya wuce, na biyu ya kai Laraba. Sai Oluchi ta ce an gan shi a kasuwar Zuru, wajen masu hatsi.

A can na same shi da rana tsaka, yana dakon buhunan dawa daga mota zuwa rumfa. Ya ƙara ramewa, gashi ya taru, amma kayansa a wanke. Na tsaya har ya sauke na kansa. Da ya gan ni bai gudu ba, bai kuma ɓata rai ba. Ya goge hannu a wando ya rusuna.

"Yaya kake, Haggai?"

"Lafiya lau, Madam."

Na ce, "Kar ka yi mini wannan. Ni da kai mun wuce nan."

Ya yi ɗan murmushi. Na ba shi haƙuri, a gaban masu awo da masu dako, ban damu da wanda ke ji ba. Na ce na karya alkawarinsa, laifina ne, ba na Aaron ba. Sannan na ce gurbinsa yana nan, sunansa yana allo, jibi Juma'a ake rufewa, in ya zo ni da kaina zan bi shi ofis-ofis.

"In zo in zauna da wa, Madam?" in ji shi. "'Yan ajinmu duk sun ji. Nan kasuwa ma sun sani, shi ya sa ba mai yi mini faɗa."

"Ba ka taɓu ba, Haggai. Ka san ba ka taɓu ba."

"Na sani."

"To ka zo ka nuna musu."

Ya kalli motar dawar, sauran masu dako suna jiransa. Da ya sake magana muryarsa a kwance take, irin ta mai ba da labarin wani.

"Ranar nan da kika tafi, da na koma gida, na zauna a tsakar gida na yi kukan Abel. A gaban kowa. Na yi har muryata ta dishe. Ba wanda ya hana ni. Baba Aaron ya zo zai ɗaga ni, sai Baba ya ce a ƙyale shi, ai ya taɓu." Ya share zufa. "Har yanzu in ya zo mini ina yi. Baba ma yana zama kusa da ni, wai yana tsarona. In na warke za su ce in daina."

Na gwada tsohuwar dabarata, na haɗe rai na ce to in ba zai zo ba ya faɗa mini in daina wahalar da kaina. Wannan karon bai kalli komai ya daɗe ba. Ya ce, "Ki daina, Madam. Na gode, kin yi ƙoƙari." Ya rusuna, ya koma bakin mota, aka ɗora masa buhu.

Ranar Juma'a na share ofis da sassafe, na goge kujerarsa, na cika masa fom ɗin rajista har inda zai sa hannu kawai. Na bar ƙofa a buɗe, ban fita cin abinci ba. Ɗalibai suna wucewa ta gaban gareji, wasu suna ƙara sauri in sun zo daidai ƙofar. Ƙarfe huɗu aka kira ni daga ofishin magatakarda ana tambaya ko yaron nan nawa yana zuwa, don za su rufe. Na ce su ba ni awa ɗaya, suka ba ni. Ƙarfe biyar suka sake kira, na ce su rufe.